Kusurwar Allon Talabijin

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yata Auta?

Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ba ta da faɗa, sai dai wanki ya tsattsaga min hannuwa. Hannuwan da suka yi shekaru suna fassara wa kurame labarai a talabijin ɗin gwamnati! Da aka ce babu kuɗi, ni aka sallama, motocin darakta kuwa ko taya ba a taɓa ba.

Ka ce har yanzu Auta da sauran kuramen ajinsu suna zuba wa kusurwar allon da nake fitowa a da ido, sai su ga tallan sabulu. Da ma ba ka gaya min ba. Na bar ƙasar cikin fushi, ga shi fushin bai koya wa yaro ko ɗaya komai ba.

Don Allah ka je makarantarsu, a mayar da ita bencin gaba inda za ta ga bakin malami. Kuma ka daina yi mata tsawa, maƙwabta kawai kake tayarwa. In za ka isar mata da gaisuwata, ka dafa ƙirji, ka nuna nesa. Za ta gane ni ce.

Allah ya sada mu.

Ƙanwarka