Ƙaryar da Na Yi a Kan Bokiti

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi ni. Autarmu ta aurar da babbar 'yarta, komai ya tafi daidai.

Wani al'amari ne ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da Inna ta tafi asibiti ta bar mini ku, na fito daga ɗaki na tarar da Auta ƙafafu sama, kanta cikin bokitin wanki? Shekarata goma sha ɗaya. Na fizgo ta tana aman ruwan sabulu. Kai ka bar bokitin, don haka na ce maka duk wanda ya juya wa bokiti baya da ruwa a ciki, uwarsa ba za ta ga baɗi ba. Ɗan'uwa, nan take na ƙirƙiro maganar, tsoro ne kawai. Kai kuwa ka sha kuka har da majina, ka bi gidajen maƙwabta kana kifar da bokitan mutane.

To, makon jiya na je wajen matar babban ɗana, wadda ka san daga nesa aka auro ta. Tana cikin wanki waya ta yi ƙara a ɗaki. Har ta kai bakin ƙofa ta dawo da gudu, ta zubar da ruwan, ta kife bokitin. Shigarta ke da wuya jikana mai rarrafe ya nufi bokitin, ya dafa ya miƙe, yana dukansa kamar ganga. Ni ina can gefe kan tabarma, da wannan gwiwa ba zan taɓa cim masa ba.

Da ta fito na tambaye ta dalili. Ta ce camfi ne tun na kaka da kakanni, wai yana kashe uwa. Na bi diddigi, ashe a bakin kakarta ta ji, kakar kuma daga wata mai ɗinki da ta taɓa zama a layinmu, mai keken nan mai ƙara. Shekara arba'in da biyar! An ce magana zarar bunu ce, amma ban san tana yin irin wannan tafiya ba. Yanzu duk abin da aka hana mu, barin allura a kan gado, miƙa almakashi hannu da hannu, sai in ce ko wace baiwar Allah ce ta tsorata ranar da aka fara faɗa.

Ta tambaye ni ko mu ma muna yi a gidanmu. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na dubi yaron, na ce ai mun fi kowa. Allah Ya yafe mini. Kai ma ka yafe mini kukan da na sa ka.

Ka gaida mai ɗakinka da 'yan biyu, da Kawu in ka leƙa shi. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka