Ƙosan Cordelia

Litinin, 6 ga Maris, 1978

Wasiƙa daga Enugu, da sunan Inna a bayanta. Cordelia ce. Tana raye, ta zama malamar asibiti, kuma za ta zo Lafiya a jirgin ƙasa ranar 25 ga wata. Sau uku na karanta wa Inna, tana kuka tana dariya tana cewa in sake. Ni kuwa ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya, har na zuba gishiri sau biyu a miyar agushi.

Shekara goma sha biyu ke nan. Lokacin rikicin nan da ake farautar mutanen Gabas ne Inna ta ɓoye ta da ƙaninta Obi a rumbun dawarmu kwana tara, kafin Baba ya fitar da su cikin motar doya. Ina da shekara goma. Ni ke kai musu abinci.

Ta rubuta cewa Obi ya rasu. Ba ta faɗi yaushe ba.

Talata, 7 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba, to bari in gaya wa takarda. Ƙosai shida Inna ke zubawa a kwano kullum safe. Huɗu nake kaiwa. Biyu a bayan garka nake cinye su, in goge baki da zane. Kwana tara cur. Yaron nan kuma da zazzaɓi a jikinsa, idanu duk sun faɗa.

Tun daga nan ban ƙara sa ƙosai a bakina ba. Inna na cewa tsirfa ce.

Juma'a, 10 ga Maris

Aiki ya yi daɗi yau. Madam Hanna, matar da nake wa girki a gidan kamfanin haƙa rijiya da ke hanyar Shabu, ta koya mini kitsa burodi. Kitso sosai, igiya uku, kamar kan amarya. Nawa ya fito a karkace, ta ce ba laifi, ciki ba ya duba kitso. Ita da mijinta Mista Yakub Yahudawa ne. Duk Juma'a kafin magariba sai ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafin hannu.

Na ba ta labarin baƙuwarmu, ban da maganar ƙosai. Ta ajiye wuƙa ta ce da Hausarta mai juya mace namiji, "Mamanka ya ɓoye yara? Zauna, Sailuba."

Ashe su ma an ɓoye su. A ƙasar Polan, lokacin babban yaƙin Turai, sojojin Jamus na bin Yahudawa gida gida suna kwashewa. Uwarta, ubanta, ƙannenta uku, ko ɗaya bai dawo ba. Wani manomi ne ya sa ta a rami ƙarƙashin garken shanunsa. Ta tarar da mutum a ciki. Mista Yakub ke nan!

Asabar, 11 ga Maris

Madam ta ƙarasa mini labarin. Wata goma sha huɗu a duhu, ba ta taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Da tari ta san shi. In sojoji sun shigo garken sai ya riƙe mata ɗan yatsa har su fita. Ranar da aka buɗe ramin ta ga kunnuwansa kamar faifai, ta ce ai kuma an makara, ta riga ta so shi. Yana zaune yana jinmu, ya taɓa kunnen ya ce da irin Hausar matarsa, "Ƙarya yake, ya ce kyakkyawa ne."

Ni dai wallahi son nan ya burge ni. Samarin Lafiya in ba su ga hoda a fuska ba ko sallama ba sa yi.

Laraba, 15 ga Maris

Mun share ɗaki. Inna ta sayi sabuwar tabarma da atamfa turmi ɗaya. Saura kwana goma, ni da ƙirga kwana kamar mai jiran salla.

Amma in Cordelia ta tambaye ni fa? Tana iya ƙirga, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji.

Juma'a, 17 ga Maris

Yau na tambayi Madam wa ke kai musu abinci a ramin. Ta ce 'yar manomin ce, ƙaramar yarinya, a cikin bokitin tatsar madara. Sai ta yi dariya ta ce kullum burodin da gurbin haƙori yake zuwa. Yarinyar na gutsura a hanya.

Na ce ba ku ji haushi ba?

Ta ce da farko sun ji. Daga baya kuma suna laluba gurbin da yatsa a cikin duhu, don in sun ji shi sun san ita ce ta kawo, ba a kama ta ba. "Yana jin yunwa, yana jin tsoro, kuma yana zuwa." Har yau duk shekara tana aika mata da kaya.

Na shiga kicin na yi ta yanka albasar da ba a sa ni ba.

Asabar, 25 ga Maris

Jirgin ya yi latti awa huɗu, rana kamar ta dafa mutum. Na gane ta tun daga taga, tsagar nan ta haƙorinta. Ta rungume Inna suka zube a ƙasa, masu sayar da lemo suna kallo. Hausarta ta yi tsatsa amma tana nan. Ta dube ni ta ce, "Sailuba, har yanzu gajeriya ce ke."

Ta kawo mana ogbono na kaɗa miya da manja galan guda. Gidan ya cika da mutane, ban samu keɓewa da ita ba. Gobe, in Allah ya yarda. In na iya.

Lahadi, 26 ga Maris

Ita ta ce in raka ta ta ga rumbun. Ya rushe, gindin kawai ya rage. A nan na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ƙosan shida ne, ba huɗu ba.

Ta ce ta sani. Ta kafar rumbun suna hango ni a bayan garka. Obi ne ma ke tsaron kafar, in ya ga ina goge baki sai ya ce, "Ga abinci nan tafe."

Na ce ko shi ya sa ya... Ta ce a'a. Sai bayan shekara biyu ya rasu, can a cikin yaƙin basasa, lokacin da ko ɗaya babu, balle huɗu. Ta ce har ƙarshe yana ambaton ƙosan Lafiya. Mun yi kuka, ban san na wa ya fi ba.

Litinin, 27 ga Maris

Inna ta soya ƙosai da safe. Cordelia ta ƙirga shida a kwano, ta ture biyu gabana ta ce, "Naki ne, ki ci a nan, ba sai kin je bayan garka ba." Inna na ta tambaya wace garka kuma.

Yaji ya ɗan yi yawa. Gobe zan kai wa Madam ta ɗanɗana, in sun kai can cif.