Gwiwar da Aka Ce Sai Ta Yi Rawa

Matar Auta ce ke rubuta min wannan, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Ƙanwata, ina gaisuwa. Ya yara, ya jikin maigidanki? Awakina suna nan da rai?

Ni lafiya lau, sai gajiya. An yi min aikin gwiwa, amma likita ya ce ba zan dawo gida ba sai na hau bene da kaina. Maganin kuma wai rawa. Kullum da hantsi ake tara mu a wani ɗaki mai madubi, tsofaffi zalla, kowa riƙe da ƙarfe, malamar da ke koya mana ta kunna kiɗa. Ba gangar fata ba ce, na'ura ce, dum-dum har cikin haƙori, ga wani saurayi a ciki yana zuba zance kamar an biyo shi. Ta ce kiɗan bakin teku ne, na murna. Na ce, "'Yar nan, murnar wa?" Ta yi dariya ta ƙara sauti.

Tun rasuwar Malam ko tafi ban yi ba, yau ga ni ina jan ƙafa ina kallon kaina a madubi. Kiɗan nan har kan sallaya yake bina. Amma jiya na hau rabin bene.

Ki ce wa mai kitso ta dawo min da tukunyata. Sandar Malam da na ara wa maƙwabcinmu kuwa, ki ce masa ya riƙe, ba na buƙatarta. Da ƙafata zan shigo gidan nan.

Yayarki.