Ni Na Sa Tayoyin, Bakanike Ke Shan Zagi

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, wanda kuma zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. In zagi ne na riga ku, wata biyu ke nan ina yi wa kaina shi safe da yamma, bai tsinana mini komai ba. Shawara nake nema.

Ni ɗan Fagge ne, akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, shi ke limanci a masallacin unguwarmu. Yana da wata tsohuwar jif da yake zuwa gona da ita a ƙauyenmu, ni nake ja masa Asabar da Lahadi. Dokarsa ɗaya ce a kan motar nan: babu mai kwance mata ko noti ɗaya sai wani bakanike Ibo a Sabon Gari, wanda zan kira Oga Dominik ko da yake ba sunansa ke nan ba. Amincinsu ya daɗe. Lokacin tashin hankalin nan na gab da yaƙin basasa da ya kwashi iyalinsa ya gudu garinsu, Baba ne ya ajiye masa akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado har shekara huɗu, da ya dawo bayan yaƙi aka miƙa masa ko sifana ɗaya ba ta ɓata ba. Baba ne kuma ya dinga kai masa alhazan Kantin Kwari da motocinsu, yana cewa, "Ku ba shi aiki, ni na tsaya masa."

To, kun san abin da ya same mu ma'aikata da aka yi ƙarin albashin nan aka biya ariyas, wato kuɗin ƙarin na watannin baya a dunƙule. Kan kowa ya ɗau zafi, wannan babur, wancan firiji ko lantarki babu a gidansu. Ni shaiɗanina taya ce. Na ga jif ɗin 'yan kwangilar hanya da tayoyinsu manya-manya, na dawo na kalli ta Baba, sai na ga kamar tsohuwa sanye da silifa. Na sayi tayoyi huɗu da wilinsu a Sabon Gari, na ce wa Baba saboda taɓon damina ne, alhali so nake in tsaya da ita a ƙofar ofis a kalle ni. Baba ya ce, "In Dominik ya yarda, a sa."

Oga Dominik ya zagaya tayoyin, ya shiga ƙarƙashin mota ya fito, ya ce da ni da Hausarsa ta haifaffen Kano, "Malam ƙarami, irin wannan taya ba a ɗaura ta haka kawai. Sai an ɗaga sifirin, a canza tiyon birki a sa dogo, a kautar da shi gefe. In ba haka ba, duk sanda ka karya sitiyari tayar za ta dinga gogar tiyon tana cinsa. Ba ni sati uku, kayan daga Ikko za su zo." Sati uku ya zama biyar, biyar ya zama bakwai. Kullum na je sai ya ce jiragen ruwa sun yi cunkoso a tasha, ba a sauke kaya ba. Ina ruwana da jirgin ruwa? Ni ga tayoyina jingine a zaure, abokaina na tambayata ko ajiye su na yi sai jikokina sun girma. Ranar da haushi ya kai mini wuya na kwashe su na kai wa wani mai faci a Rijiyar Lemo, ko awa ɗaya bai yi ba ya ɗaura su. Na dawo gida Baba na zaune a ƙofa, ya dubi motar ya ce, "Ashe Dominik ya gama?" Na ce, "E, Baba." Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan.

Na ji ƙarar, kada ma in yi muku ƙarya a kan ƙarya. Duk kwanar da na sha sai in ji wani abu na gurza daga gaba, sai in ƙara muryar rediyo in ce wa raina sabunta ce, za ta saba. Sati na uku da ɗaura su muna gangarar wani rafi kusa da ƙauyenmu, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa babu komai. Muka daki gindin tsamiya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, Baba ya karye a ƙugu. Yanzu mutumin da ya shekara ashirin yana jan mutane salla a zaune yake yin tasa, a ɗaki.

Kun san yadda dubiya take a wurinmu. Daga sallar Asuba zuwa Magariba gida cike, kowa ya zauna sai ya ce, "Garin yaya?" Baba kuma ba ya ƙara gishiri, abin da ya sani yake faɗa: an sa sababbin tayoyi, sun cinye tiyon birki, Dominik ne ya yi aikin. Ni ina tsaye ina miƙa wa baƙi ruwa, ina jin maganar tana fita ƙofa a bakin mutum talatin kowace rana. Me ya hana ni ajiye kofin in ce ba haka ba ne? Ranar farko na ce Baba na cikin ciwo, sai ya ji sauƙi. Rana ta uku wani Alhaji ya ce ko dai yaron nan ne ya kai ta wani wuri, Baba ya ɗago kai ya ce a gaban jama'a, "Wannan? Tun da na haife shi bai taɓa yi mini ƙarya ba." To ku gaya mini, ta ina mutum zai fara bayan wannan?

Oga Dominik ya zo dubiya da lemo da burodi, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu." Baba ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Na ba ka amanar raina, ka yi mini aikin ganin ido. Je ka, Allah ya isa tsakaninmu ban ce ba, amma je ka." Na ga Oga Dominik ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Ya ajiye lemon ya fita.

Kafin wata ya ƙare alhazan nan duk sun janye motocinsu. Na je garejinsa ranar wata Laraba, wurin da da ba ka samun inda za ka taka, na tarar da mota ɗaya tak, shi kuma yana zaune kan benci yana goge sifanun da ba su yi datti ba. Ni da na zo ba da haƙuri, sai na ji kaina ina yi masa faɗa. Na ce da kayansa sun zo kan lokaci da duk haka ba ta faru ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Zauna." Na ce me ya sa bai faɗa wa Baba gaskiya ba ranar da ya zo dubiya? Ya ce, "Mutumin da ya riƙe mini amana shekara huɗu, yana kwance, in je in ce masa ɗansa maƙaryaci ne? Kuma wa zai yarda? Kai ɗan liman, ni ɗan Sabon Gari." Na ce to in ba shi wani abu ya rage asara. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Sunana ka ɗauka, Malam ƙarami. Da bakinka ka ɗauke shi, da bakinka za ka mayar. Ni ba zan faɗa ba ko da zan rufe wurin nan."

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da ya zage ni, da ya kai ni ƙara wurin mai unguwa, da na samu wanda zan ji haushi ban da kaina. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni ga ni a bushe, wani ake ta duka. Sau uku ina shiga ɗakin Baba da niyyar faɗa, sau uku ina ƙarewa da tambayarsa ko a ƙara masa matashi. Inna ta ce na rame, wai tausayin mahaifina ne, har addu'a take yi mini Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina kamar yadda nake jin ƙansa.

Yanzu ga inda aka kai. Aiki ɗaya ya rage wa Oga Dominik, gyaran motocin wata makarantar kwana, wanda ya samu da takardar shaidar da Baba ya sa wa hannu. Jiya Baba ya kira ni ya ce ba zai iya barci ba yana tunanin motar da ke ɗaukar 'ya'yan mutane tana hannun wanda ba ya tsoron Allah a aikinsa. Ya ce in rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa da Turanci cewa ya janye shaidarsa, in kawo ya sa hannu ranar Litinin. Har takarda da ambulan ya ba ni daga akwatinsa.

In na rubuta, na rufe garejin mutumin da ya rufa mini asiri, mai 'ya'ya biyar. In na faɗi gaskiya, tsoho mai karyayyen ƙugu zai san ɗansa ne ya kwantar da shi, ya sa ya kori amininsa, ya sa ya yi shaidar zur a gaban duk Fagge. Takardar da ya ba ni ita ce wannan da nake rubuto muku a kai, ya zuwa yanzu ban saya masa wata ba, yau kuma Alhamis.

Me zan yi?