Ɗakin da Na Gyara Masa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar Inna, ta daina kumburin? Ni jiki lafiya, zuciya ce dai.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san maigidan in ya dawo daga gyaran fanka waƙa yake yi, shi ya tsara, shi ya rera, ya ɗauka a waya. To akwai ɗan ɗakin da yake shiga ya rufe. Da na leƙa, bango duk kiret ɗin ƙwai, taga an toshe da tsohuwar katifa. Na ce Allah sarki, zaman gwauro. Yana fita na ɓamɓare su tas na ba mai shago, na yar da katifar, na wanke har silin, na zauna jiran yabo.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tafi ɗaya ya yi, ɗakin ya amsa kamar rijiya, sai ya zauna a ƙasa. Ashe tarkacen ne ke hana murya dawowa. Ga waƙar da ya daɗe yana fama da ita, ya ɗauki rabi, yanzu sauran ba zai yi kama ba. Tun ranar daga sannu sai na gode. Ina tsoron ya fara nadamar kawo ni.

Ki gaida Inna, kar ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya yara da makaranta?

Mai shago ya riga ya mayar wa masu kaji da kiret ɗin. Da na rasa dabara na ɗauko bargonmu, na same shi zaune, na hau kujera na lulluɓe mu duka, na nuna masa wayar da haɓa. Ya kalle ni, sannan ya danna ɗauka ya fara rerawa.

Yaya, zafi! Gumi har cikin ido, kafaɗa ta gaji da riƙon bargo, ga atishawa ta taso, na danne har hawaye. Shi ya ɗauka waƙar ce ta sa ni kuka, ni kuma ban gyara masa ba. Da ya saurara ya yi ta dariya, wai wannan rabin ya fi na farko, sai an sake na farkon ma, kuma ni ce mai riƙewa.

Don Allah ki aiko min da ƙaton bargon Inna da na raina, namu ba kauri. Ki haɗo da man shafawa na ciwon kafaɗa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta