Takardar Da Dattawa Biyar Suka Sa Wa Hannu

Garuwa, 19 ga Agusta 1996

Zuwa ga Baffa Alhaji Shu'aibu, a Banyo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan cinikin shanu yana tafiya lafiya.

Baffa, a matsayinka na shugaban kwamitin lekol ɗinmu, wato makarantar boko, nake sanar da kai. Zacharie, Kiristan nan direban kamfanin auduga da ke zaune bayan masallacinmu, ya kawo 'yarsa Clémentine. Na rubuta sunanta a aji ɗaya. Takardar manufar da ku biyar kuka sa wa hannu ta ce makarantar ta duk yaran unguwa ce, ba bambancin addini ko ƙabila.

Malam Bilya, ɗaya daga cikinku, ya tare ni, ya ce, "Salmanu, yaushe muka ce haka?" Sai na bi sauran gida-gida ina tambaya: don me muka gina lekol ɗin nan? Na rubuta amsoshin a littafina. Malam Bilya ya ce don tsare addinin yara. Alhaji Ɗanmalam ya ce don 'ya'yan 'yan kasuwa su iya Faransanci, a daina raina mu a ofis. Alhaji Mahamat ya ce, "Abin da Shu'aibu ya ce, shi ne." Hajiya Iyatu ta yi dariya, ta ce, "Shekara uku, sai yau aka tambaye ni?"

Wataƙila na yi gaggawa. Ina jiran maganarka.

Ɗanka, Salmanu

Banyo, 27 ga Agusta

Salmanu, wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Sakatare muka naɗa ka, ba alƙali ba. Waccan takarda ta gwamnati ce, an yi ta don a ba mu izini, kuma an ba mu. Ba ni da ƙiyayya da Zacharie, mutumin kirki ne. Amma mu muka ɗauko bulo, don 'ya'yanmu. Ka cire sunan kafin a buɗe makaranta, ko ka miƙa wa Bilya makulli. Kuma wa ya aike ka yawon gidajen manya da littafi kamar mai ƙidaya?

Ka gaida Hindu da yara.

Baffanka

Garuwa, 4 ga Satumba

Baffa, assalamu alaikum. Hindu tana amsawa.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Na kuma duba littafina na shekarar da muka fara, na ga laifina a rubuce: ni na tsara takardar da Faransanci, na kawo muku, kuka sa hannu ana shan shayi. Ban fassara muku ko layi ɗaya ba, don ina tsoron gardama. Na ɗauka abin da ke raina shi ne a ranku. Ku ma kowa ya ɗauka nasa ne a ciki.

Amma Baffa, ba zan cire sunan ba. Na riga na dubi idon mutumin na ce masa ta samu wuri, matarsa har ta ɗinka rigar makaranta. In takardar ƙarya ce, ku biyar ku zauna ku faɗa da bakinku, ku sa hannu a wata. Ba zan goge a ɓoye ba don a ce kanku haɗe yake. Hajiya Iyatu ta ce in gaya maka, yarinyar da jikokinta a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa.

Makulli yana hannuna. Ba zan kai wa Malam Bilya ba. In za a karɓa, kai za ka karɓa, a gaban sauran.

Ban taɓa yi maka musu ba tun rasuwar Baba. Ka yafe mini kaifin harshe.

Ɗanka, Salmanu

Banyo, 10 ga Satumba

Salmanu, salam.

Taurin kan ubanka ka ɗauko. Ina zuwa ranar Alhamis, in hanya ta bari. Kada ka cire sunan, kada ka ƙara wani. Ka tara su huɗun bayan la'asar, ka karanta mana takardar nan da Hausa, layi-layi, da ƙarfi. Daga nan za a san wanda zai bar kujerarsa, ni ko kai.

Allah ya kai mu.

Baffanka