Kukan Baffa Buba a Cikin Kaset

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Makarantu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan buronka.

Ni ne Bukar Mala, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko ta nan Gure, wanda ka dakatar daga aiki farkon komawar yara makaranta, ka kuma mayar da shi aji a makon jiya. Na gode. Sai dai labarin dakatarwar ya zagaya kasuwa tun kafin takardar ta iso hannuna, wanke ni kuwa a cikin buro aka yi, ƙofa a rufe. Shi ya sa na kawo maganar nan cikin jarida, domin wanda ya ji farkonta ya ji ƙarshenta.

Na ɗaya. Ƙarar da aka kawo maka ita ce ina dukan wani tsoho da ke gidana, ina zaginsa, har ina barazanar ɗaure shi. Tsohon shi ne Baffa Buba, Bafillacen da ya yi wa mahaifina kiwo a wajen Kelle tun ban san kaina ba. Farin da ya wuce ya cinye shanunsa, 'ya'yansa suka tafi Najeriya nema, na ɗauko shi na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Wanda ya kawo ƙarar, Mushe Habu (Mushe ake kiran malamin lakwal a nan), abokin aikina ne, gida ɗaya makaranta ta ba mu, randa ɗaya muke sha. Ya sha roƙona in mayar da Baffa ƙauye, saboda yana shirin aure kuma yana son ɗakin. Na ƙi. Abin da ke zuciyarsa ban sani ba, wannan dai ya faru.

Na biyu. Hujjarsa kaset ce. Ya sayi rediyo mai ɗaukar magana wurin fataken Kano, ya riƙa ɓoye ta cikin kwando a tagar zaure da safe, ba da sanina ba, ba da sanin Baffa ba. Abin da ka ji a ciki ba na musun ko kalma ɗaya. Muryar Baffa ce ke ihu, "Wayyo jama'a, Babarbaren nan zai kashe ni!" Muryata ce ke cewa, "Kwanta, bawan gidanmu! Ka ƙara motsi in ɗaure ka da igiyar rijiya."

Abin da kaset ba ta iya nuna maka ba shi ne ƙafarsa. Da damina kurkunu ya fito wa Baffa a idon sawu. Duk wanda ya sha ruwan tafki a ƙasar nan ya san aikin. A jiƙa wurin, a kama kan tsutsar, a naɗe ta a tsinke, a ja kaɗan, a bar saura sai gobe. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce. Zafinsa kuwa kamar an ɗora garwashi. Ni ke yi masa kowace safiya kafin in tafi aji, shi kuma ya yi ta ihu iyakar ƙarfinsa.

Zagin kuma, ranka ya daɗe, ni Babarbare ne, shi Bafillace. Tun kakanni muke wannan wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ranar da na gaishe da Baffa cikin ladabi zai aika a tambaya ko ba ni da lafiya. Da zagin nake ɗauke masa hankali in samu in ja tsutsar. Mushe Habu mutumin Damagaram ne, ya san wasan sarai, ya sha zama a bakin zauren nan yana dariyarmu.

Na uku. A kan wannan kaset kaɗai aka raba ni da ajina. Ba a kira ni ba, ba a aika kowa ya dubi tsohon da aka ce ana duka ba, alhali daga buronka zuwa gidana ko shayi ba zai huce ba. Na ɗan taɓa aikin jarida, kuma abin da aka fara koya mini shi ne ba a buga zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi. A makonnin nan wani uba ya cire ɗansa daga ajina, ya ce wanda ke dukan tsoho me zai bar wa yaro. A masallaci wanda muka saba haɗa kafaɗa ya koma wani sahu.

Na huɗu. Da na nace aka yi zama, na ɗoro Baffa a jakin maƙwabci na kawo shi. Kai shaida ne. Aka kunna kaset, ya karkata kai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwatin nan ɗan Barebari ne. Nasa zagin duk ya riƙe, nawa ya haɗiye. Ina wurin da na ce da ƙwaryar nono mai tsami muka sayi kakansa?" Ya kwance tsumman ƙafarsa ya nuna maka tsinken da tsutsar a naɗe, fara kamar zare. Aka kira malamin asibiti ya duba, ya ce hannun da ya yi aikin nan ya yi haƙuri. Sai ka sa aka sake kunnawa, kowa ya ji ƙarar maɓalli, ƙas, a duk inda Baffa zai rama ko dariya za ta tashi. Ka tambayi Mushe Habu dalili, ya ce pil ne, wato batir, ke ƙarewa. Ban taɓa ganin pil mai ƙarewa daidai bakin dariya, ya kuma farfaɗo daidai bakin kuka ba. Na ga kai ma ka sunkuyar da kai kana danne murmushi.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a sanar da wanke ni a gaban iyayen yara da malamai, da baki, da Hausa da Barbarci, yadda mai sayar da dabino a kasuwa zai ji.

Na biyu, a cire takardar dakatarwar daga cikin takardun aikina, kada ta bi ni duk inda aka kai ni.

Na uku, rediyoyin nan suna ƙaruwa a gari, har gidajen malamai. Ina roƙon kada a ƙara yanke wa ma'aikaci hukunci a kan kaset sai an kira duk wanda muryarsa ke ciki, ya faɗi abin da hannunsa ke yi lokacin da bakinsa ke magana.

Na huɗu, ban nemi a kori Mushe Habu ba. Ya iya koyar da lissafi, yara na buƙatarsa. A sama masa wani gida kawai, domin ba zan iya zama inda sai na leƙa kwando kafin in yi magana ba.

Na biyar roƙon Baffa ne, ya ce lalle in rubuta. A ba shi kaset ɗin, yana son 'ya'yansa su ji yadda ya sha wuya a hannun Barebari.

Tsutsar ta fita duka, ba ta tsinke ba. Baffa na zuwa masallaci da ƙafarsa, yana gaya wa mutane cewa a ƙarshe an gano aikin da Babarbare ya iya. Yaron da aka cire ya dawo aji, ubansa da kansa ya rako shi. Mushe Habu kuwa, tun da randa ɗaya muka sha, in nasa kurkunun ya fito baɗi, ya zo. Tsinke na nan, hannuna ya saba. Ya taho da rediyonsa, ya ajiye ta a fili, mu sa mata sabon pil.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka cikin mutunci, ya tsare ka daga jin rabin magana.

Wassalam.

Bukar Mala,
Gure.